Furen da Baba Tizhe Ya Sauko da Shi Daga Dutse

Ku ajiye wayar nan, na ga hoton. Na gani, na ce! Kabad ne na gilashi, fitila a sama, furanni sun jeru ba ko ɗigon datti. Wanda ya ɗauki hoton bai nuna muku bokitin da yake zubar da matattun ba. Kun taso ku uku da takardun gama makaranta a hannu, wai ni Bappa Buba in rubuta muku sunayen furen okid guda goma, ku saya ku zuba a gilashi, ku fesa ruwa, ku zauna jiran masu otal. Tabɗi. Ku jawo bencin nan ku zauna. Na fi shekara ashirin ina kiwon okid a garin nan, yau kuma ga ni a bakin titin Jimeta ina sayar da ciyawar ado da 'ya'yan mangwaro a leda. Zan gaya muku wanda ake sawa a kabad da wanda ba a sawa. Amma za ku ji har da yadda nawa ya ƙare, ko kuna so ko ba kwa so.

Aikin farko da aka ba ni wankin gawayi ne. Wanda ya ba ni shi ne Baba Tizhe, mutumin Michika, mai kula da lambun gidan wani manajan kamfani a Jimeta. Wani Bature ne ya taɓa zama a gidan, ya zo da furannin daga ƙasashen da ya yi aiki, da zai tafi ya bar wa Baba su. Ni kuwa ɗan cikin Yola ne, mahaifina Modibbo ne mai karantarwa a zaure. Da ya ga karatu ba ya zama a kaina, shi da kansa ya kama hannuna ya kai ni. A ƙofar lambun ya tsaya ya ce da ni, "Wanda ya koya maka abin da za ka ci abinci da shi malaminka ne, ko masallaci yake zuwa ko coci. Ba ka ɗaga masa murya, ba ka ce masa a'a." A gidanmu ba a maimaita irin wannan magana sau biyu.

To, gawayin. Za ka farfasa shi ya koma girman goro, ka jiƙa, ka zubar da ruwan, ka sake jiƙawa, kwana uku, har sai tokar ta fita tas. Ɓawon kwakwa kuma sai ka yi ta canja masa ruwa har ya daina yin ja. Wata huɗu ina wannan ban taɓa ganye ko ɗaya ba. Rannan na gaji na ce, "Baba, ba ƙasa za mu ɗebo ba? Ga taki can a jibge." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Kai Buba, wannan abu ba ya cin ƙasa. A kan itace aka haife shi. Saiwanshi yana son ya sha ruwa ya bushe, ya sha ya bushe. Ka binne shi, ka kashe shi." Haka Hausarsa take, komai shi ne a wurinsa, mace da namiji, amma duk abin da ya faɗa a kan fure bai taɓa tashi a banza ba.

Kabad ɗina na farko daga gilashin wata mai sayar da kek na yi shi. Ta rufe shago, na karɓo, wani kafinta ya ƙara masa tsawo da ƙafafu, muka huda sama da ƙasa muka sa ragar waya. A ƙasa faranti ne da tsakuwa da ruwa. A sama doguwar fitila. A gefe kuma 'yar fanka da na ciro daga matacciyar kwamfuta, na haɗa ta da batirin mota saboda wutar garin nan kun san halinta. Wannan 'yar fankar ita ce ran kabad, ku rubuta wannan. Sai ma'aunin zafi, da kwalbar feshi, da reza wadda ake ƙonawa a wuta kafin kowane yanka, da garin kirfa da ake shafawa a bakin yankan. Ruwa kuma na sama ne, na tara a duro tun damina. Ruwan famfonmu yana barin farin gishiri a saiwa, a hankali ya ƙone ta.

Mu a Yola ba zafi muke nema ba, zafi kyauta Allah ya ba mu har ya yi yawa. Laima ce ke gudu ta bar mu rabin shekara, don ita ake yin kabad. Saboda haka cikinsa kullum ɗumi ne da danshi, dare da rana, ba rani ba damina. Wanda zai zauna a ciki sai wanda uwarsa ta girma a irin wannan wuri. Kafin ka tambayi launin fure, ka tambayi inda aka ciro shi.

Wancan na hotonku mai faffaɗan ganye kamar harshen saniya, falanosis ake ce masa, kuma shi ne sarkin kabad. Ɗan kurmi ne mai zafi, ba ya son rana ta taɓa shi, ba shi da rumbun ajiye ruwa a jiki, don haka danshin kabad ya yi masa daidai. Laifinsa ɗaya: ruwa ya kwana a tsakiyar ganyensa, shi ke nan, ka yi sallama da shi. Shi ya sa feshi da safe kawai ake yi, kafin la'asar komai ya bushe, in ɗigo ya maƙale ka tsane shi da auduga. Akwai wani ƙarami da muke ce wa tauraro, ana ɗaure shi a ɓawon maɗaci da zare, furensa fari mai dogon wutsiya, in magariba ta gabato ƙamshinsa ya cika ɗaki. Daga kurmin da ke wajen iyakar Kamaru ake samo shi, shi ma ɗan gida ne a kabad. Akwai mai karammiski, wanda ba don furensa ake ajiye shi ba sai don ganyen, baƙi-baƙi da zanen ruwan zinariya, ya fi son can ƙasa inda haske bai kai sosai ba. Akwai kuma wani mai rarrafe da 'yan ƙananan kawuna irin na albasa. Wannan ko ka manta da shi zai rayu, amma ranar da ya yi fure ƙudajen unguwa za su zo maka gaisuwa, don wari yake yi. Ban taɓa sayar da shi sau biyu ga mutum ɗaya ba.

Wanda ba a sawa kuma, ku fara da namu na gida. Ku bi hanyar Ngurore ku ɗaga kai ku dubi giginya, za ku ga manta-uwa ya yi tsiri-tsiri a wuyanta. Okid ne shi ma, tsofaffi sun san shi tun kafin a haifi Baturen can. Amma yana kai wa mutum ƙugu, yana son rana tsagwaronta, kuma yana son ya yi watanni bai ga ruwa ba. Duk wanda kuka ga kararsa ta yi ƙiba tana ajiye ruwa, ku yi hattara, mai barcin rani ne. Ka hana shi barcinsa da danshi, sai ya ruɓe daga gindi.

Wata Hajiya ta taɓa zuwa mana da kwando, matar wani babba a gwamnati. Daga Mambila ta dawo, an cika mata kwandon da okid masu siraran ganye, wallahi kyawawa. Ta ce Baba ya sa mata su a kabad ɗinsa kafin a gama haɗa nata. Baba ya shafa ganye ɗaya ya ce, "Hajiya, wannan ɗan sanyi ne. A can da bargo ake kwana. A nan ba zai ga sati uku ba."

Ta ce, "Ba ga na'urar sanyaya ɗaki ba? Biyu gare ni a falo."

Ya ce, "Wannan yana shanye ruwan iska. Zai ji sanyi ya mutu da ƙishi. Kuma ko mai rayuwa ne, ba ya shiga kabad yau."

Ta cire gilashin idonta ta ce, "Kai, ka san ko ni matar wane ne?"

Baba ya ce, "Na sani, Hajiya. Fure ne bai sani ba."

Ta kwashi kwandonta ta tafi tana faɗa. Ba ta sake sayen ko tsinke a wurinmu ba, Baba kuwa ko a jikinsa.

Abin da ya sa ya ce ba ya shiga yau, doka ce, kuma ita ce babbar dokar aikin nan. Baƙon tsiro sai ya yi kwana arba'in a waje shi kaɗai, da rezarsa daban, da kwalbar feshinsa daban, kana duba shi kullum. Dalili kuwa, abin da fure yake so a kabad, wato ɗumi da danshi, shi cuta take so, ta ma fi shi so. Cutar da za ta yi wata tana rarrafe a waje, a cikin gilashi kwana biyu ya ishe ta. Na taɓa karya dokar ina saurayi, na sa wani bayan sati ɗaya don na ga tsaf yake. Baba ya fitar da shi, ya sa na kwashe komai na wanke kabad da ruwan bilic tun daga sama har ƙasa, sannan ya yi kwana tara bai amsa gaisuwata ba.

Da ƙarfinsa ya ƙare, ya ce zai koma gida Michika ya zauna da ɗansa Zira. Ranar da zai tafi ya sa na kawo kura, muka ɗora kabad ɗinsa da iyayen furanninsa gaba ɗaya, muka tura har gidana a Yolde Pate. Ku gane mene ne iyaye. Ba su ake sayarwa ba. Su ke fitar da 'ya'ya a jikin kara, ka jira ɗan ya yi saiwa, ka yanke, ka raina shekara biyu ko uku, sannan ka kai wa mai otal ko matar likita. Ba kanti a Adamawa da za ka je ka sayo irinsu. Akwai wata farar falanosis a ciki da ta girmi aurena. Da su na ciyar da gidana, da su na sa yara a makaranta. In suka mutu, ba ni da sana'a, kuma aikin ran Baba ya tafi da su. Yana miƙa mini mabuɗin kabad ya ce, "Ka riƙe su, Buba. Ni na gama."

Na riƙe su shekara tara ban rasa uwa ko ɗaya ba. Sai shekarar gudu ta zo.

Ku kuna yara lokacin, abin da kuka tuna kila rufe makaranta ne. Ƙarshen damina ne, 'yan bindiga suka shiga garuruwan arewacinmu ɗaya bayan ɗaya, mutane suka yi ta kwararowa Yola a tifa, a bayan babur, a ƙafa. Makarantu suka cika, masallatai da coci-coci suka cika, sannan gidaje. Ba wanda ya yi shela, kowa buɗe ƙofarsa ya yi. Ɗakuna uku gare ni, muka kai mutum ashirin da wani abu, rabinsu ban taɓa ganinsu ba. Wuri ɗaya na hana kowa shiga, ɗan ɗakin da ke jikin zaure mai taga ta gabas, inda kabad yake.

Wata hantsi ina tsane ganye da auduga na ji ana sallama. Wani mutum ne a keke mai ƙafa uku, ya ce, "Nan ne gidan Buba mai fure?" Na leƙa bayan keken. Da farko ban gane shi ba. Baba Tizhe ne, ya rame ya koma ƙashi, ƙafa ɗaya ba takalmi an naɗe ta da tsumma, ya rungume wani jiƙaƙƙen buhu a ƙirji. Mutumin da ya kawo shi maƙwabcinsa ne. Ya ja ni gefe ya ce kwana huɗu suka yi a duwatsu. Zira ya fito da uban, sannan ya koma ya kwance awaki, daga nan ba a sake ganinsa ba. Tun ranar kan tsohon bai dawo daidai ba. Ya ce, "Ko ruwa muka ba shi, a kan buhun nan yake zubawa. Sunanka kawai yake kira, shi ya sa na nemo ka."

Na ɗauke shi na kai shi ɗakin kabad, don ba wani wuri. Matata Mairama ta kawo ruwan zafi da kunu. Bai kalli kunun ba. Ya kwance buhun a hankali. Okid ne, ya ɓamɓaro shi daga jikin ɓauren da ke bayan gidan ubansa a kan dutse. Na san labarinsa, ya sha ba ni, ya ce shi ne furen farko da ya taɓa tsayawa ya kalla yana yaro. Ban da shi bai fito da komai ba, ko riga.

Ina karɓa na san an gama. Kararsa mai ƙiba ce, mai barcin rani, ba ɗan kabad ba ne ko da lafiyarsa ƙalau. Kuma ba lafiya gare shi ba. Kwana huɗu a jiƙaƙƙen buhu cikin zafi, gindinsa ya yi laushi, na ɗan danna sai ruwa mai wari ya fito. Ruɓa ce, irin wadda ke bin ɗigon ruwa daga ganye zuwa ganye.

Baba ya ce, "Buba, buɗe kabad. Ya sha wahala. Sa shi ciki."

Na durƙusa na ce, "Baba, bari in ajiye shi a zaure tukuna ya ɗan huta."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "A waje? Shi ma a waje?"

Kai mai farar riga, na ga kana girgiza kai, kana cewa da kai ne da ka ce a'a. E, kai za ka iya. Ni ban iya ba. Malamina ne a zaune a tabarmata da ƙafa a fashe, ya rasa ɗa, ya rasa gida, ya roƙe ni abu ɗaya tak. Na san dokar, shi ya koya mini ita, na kuma san abin da zai biyo baya. Na ɗauko mabuɗi na buɗe.

Ba wai na zauna na naɗe hannu ba ne. Na ƙona reza na yanke inda ya ruɓe, na cika wurin da kirfa, na ajiye shi can ƙasa a kusurwa inda ruwansa ba zai taɓa kowa ba. Na ce in na tsare feshi, fanka kuma tana juyawa, kila Allah ya rufa asiri. Washegari na shigo na tarar Baba ya mayar da shi sama, tsakiyar iyaye, wai ba a ajiye baƙo a ƙasa. Kwalbar feshi tana hannunsa. Bai san ranar da ake ciki ba, bai san sunan matata ba, amma hannunsa bai manta feshi ba. Lokacin ne kawai ya manta. Ya fesa da safe, ya fesa da azahar, ya fesa da la'asar, ana kiran magariba yana fesawa. Ruwa na sauka daga jikin furen dutse yana ɗiga a tsakiyar falanosis ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina kallo.

Sannan fanka ta tsaya. Wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, gidana kuma cike da mutane kowa da waya a hannu yana neman uwarsa ko 'yarsa. Batirin kabad shi kaɗai ne wuta a gidan. Wata mata ta tsaya a ƙofa da wayarta a mace, ta ce mijinta ya ce zai kira in ya tsallake kogi. Ku gaya mini, in ce mata me? In ce fure na shan iska? Na cire wayar fanka na ba su batirin.

Mairama ta same ni a bayan gida ta ce, "Malam, abincin yaran nan ne a cikin gilashin can. In ba za ka iya yi masa magana ba, ka ɓoye kwalbar mana."

Na ɓoye. Na dawo na tarar ya cika baki da ruwan buta yana furzawa a kan ganyen, hawaye na zuba. Na ɗauko kwalbar na mayar masa.

Ta ce, "To ka kwashe iyayen ka kawo ɗakinmu."

Na jira ya fita kewaye, na ɗebi huɗu mafi tsufa na kai ƙarƙashin gadonmu. Yana dawowa ya ga gurabensu. Ya kama bango yana cewa, "Sun zo nan ma? Sun kwashe? Buba, ina Zira, a kira Zira!" Ya nemi ya fita da gudu da ƙafar nan tasa, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Na je na ɗauko su na mayar a gabansa, sannan ya zauna. Mairama ta juya ta koma ɗakinmu. Ni kuwa, gaskiya zan faɗa muku, na ji haushinsa. Wallahi na ji haushin tsohon nan har ina kasa haɗa ido da shi, sannan in ji kunyar kaina, in je in wanke masa ƙafa.

A rana ta biyar na ga tabon farko, kamar an ɗiga mai a takarda. Da azahar ya kai faɗin tafin hannu. Washegari na taɓa ganyen ya zube a hannuna. Falanosis suka fara tafiya, su ne masu taushi. Kullum da safe in Baba ya fita wanka sai in shiga da bokiti, in kwashe matattu, in matso da sauran don kada ya ga gurbi. Farar nan da ta girmi aurena ta yi kwana biyu tana fama, na yanke, na sake yankewa, har ba abin yanka. Tauraro suka bi. Mai karammiski ya narke a tukunyarsa. Har mai warin nan da ba ya mutuwa ya mutu. Ɗakin ya ɗauki ɗoyi, yara suna toshe hanci in za su wuce zaure. Furen dutse shi ya fi kowa jurewa, shi ya rage na ƙarshe, ya yi baƙi ya faɗo da kansa. Sati uku ke nan cif. A lokacin zazzaɓi ya kwantar da Baba, ƙafar ta kumbura, bai ma san an ƙare ba.

Bayan wata guda garin ya cika da ma'aikatan agaji, otal-otal ba masaka tsinke, kowane manaja yana aiko mini in kawo fure a sa a teburin baƙi. Tun da na fara sana'a ban taɓa ganin nema irin na lokacin ba. Ina da kabad wankakke, da reza, da duro biyu na ruwan sama, ba ni da ganye ko ɗaya. Suka gaji da aike suka fara sa na roba, har yau shi suke sawa.

Baba ya tashi daga zazzaɓin a hankali. Ya fara cin abinci, ya fara gane mutane, ya daina kiran Zira, ya koma yin shiru in an ambace shi. Wata safiya ina alwala na ji an kira ni da muryar da na sani tun ina saurayi, mai kaifi.

"Buba!"

Na shiga. Yana tsaye gaban kabad, ya buɗe ƙofar, ya shafa katakon ciki da yatsa ya shinshina. Idonsa garau. Hanyar da ya biyo, da buhun, da kwalbar feshi, duk sun fita daga kansa. Aikin ne kawai ya dawo masa, cikakke.

Ya ce, "Ruɓa ya shiga nan. Ina iyaye?"

Na ce, "Sun mutu, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan ya ce, "Ruɓa ba ya faɗowa daga sama. Waye ya sa baƙo bai yi kwana arba'in ba?"

Mairama tana bakin ƙofa da kwanon kunu. Na ga ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe. Mutumin nan ba abin da ya rage masa a duniya sai sanin cewa ya iya aikinsa. In na faɗa masa gaskiya, na ƙwace wannan ma.

Na ce, "Ni ne, Baba."

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya zauna a bakin tabarma ya fara lissafa mini su ɗaya-ɗaya, wadda Bature ya kawo, wanda shi ya hau itace ya ciro, wanda ya raina tun yana girman farce. Kowanne ya faɗa sai ya ce, "Shi ma?" in ce, "Shi ma." Da ya gama ya ce, "Na ba ka amana, Buba. Na ɗauka na bar mutum a baya." Daga ranar bai sake cin abinci in ina ɗakin ba.

Bayan sati biyu 'yar ƙanensa da ke aure a Numan ta ji labarin inda yake, ta zo da mota ta ɗauke shi. Mairama ta haɗa masa riguna biyu nawa da takalmi. Na riƙe shi har bakin titi, na zaunar da shi a kujerar baya. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, don bai ga damina ta gaba ba. Ya riƙe hannun rigata, ba da faɗa ba, a hankali, kamar mai ba ɗansa shawara.

Ya ce, "Ka bar wannan aiki, Buba. Ka nemi wani. Ba ka iya ba."

Na ce, "To, Baba."

Na gyara masa ƙafar mai ciwo ta shiga ciki sosai, sannan na rufe ƙofar.